Faifai Lamba Ɗaya da Ba a Samu a Kanti Ba

Wasu samari huɗu na birnin Memfis, can kudancin Amurka, sun sa wa ƙungiyarsu suna Big Star, wato babban tauraro, a 1972 kuma suka fitar da faifansu na farko mai suna #1 Record, wato faifai lamba ɗaya. Sunan ƙungiyar daga allon wani kantin cefane da ke daura da situdiyonsu suka ɗauko shi, ka ga ke nan da wasa a ciki. Sai dai wasan bai yi musu daɗi ba, don faifan ko kwafi 10,000 bai sayar ba. Shekara 31 bayan haka, da mujallar Rolling Stone ta jera faifai 500 da ta ce sun fi kowane a tarihi, duka faifai ukun da Big Star suka yi a wancan zamani suna ciki. Tsakanin wancan zamani da 2003 ba su ƙara ko baiti ɗaya a kan waɗannan waƙoƙi ba. Abin da ya canza shi ne an yi ta sake fitar da su, abin nan da ake ce ma réédition da Faransanci, har suka kai kunnen da ba su kai ba da farko.

Ni ma ta wannan hanya suka zo mini, kuma ta ƙofar baya. Muna shekara ta biyu a jami'a muka cinye fim ɗin nan mai dogon zango, Breaking Bad, a kwamfutar wani abokina, mu biyar a kan katifa ɗaya. A minti na ƙarshe na kashi na ƙarshe wata waƙa ta tashi, gita mai kauri da murya mai laushi a kanta. Sauran suna gardama kan ko mutumin ya mutu ko bai mutu ba, ni kuwa waƙar nake bi. Washegari na ƙone megana wajen nemanta: "Baby Blue" ce, ta wata ƙungiyar Birtaniya mai suna Badfinger, daga faifan Straight Up na 1971. Daga Badfinger na faɗa Big Star, daga nan Emitt Rhodes, daga nan Colin Blunstone, kamar mai bin jerin tururuwa don ya ga raminsu. A fada har suna aka sa mini. Duk sanda na karɓi baful ɗin na sa tawa, sai wani ya ce, "Kai ɗan uwa, wane anasara ne kuma ya rasu?" Mai shayi ya ce in dai zan sa wannan kiɗa to kofina na uku ya halatta gare shi.

Bari in ɗan fayyace irin kiɗan, don sunayen biyu suna ruɗa mutum. Wanda ake ce ma power pop gajeruwar waƙa ce, minti uku ko ƙasa, da amshi mai kama kunne, da muryoyi biyu ko uku a haɗe, amma gitar lantarki da ganga suna dukanta da ƙarfi. Magadan Beatles ne da Byrds da Who, kuma sun zo a lokacin da kasuwa ta juya ma irin wannan baya: Beatles sun watse a 1970, yayin da ake ciki shi ne waƙa mai minti goma da gita mai rugugi irin ta Led Zeppelin. Shi kuwa baroque pop, waƙar zamani ce da aka yi wa ado da kayan kiɗan Turai na zamanin su Bach da Vivaldi: biyolon da manyan ƴan uwanta, da sarewa, da wani kakan piyano da ake tsinkar tsirkiyarshi maimakon a buga. One Year na Colin Blunstone, na 1971, shi ne misalin da na fi so. Mutumin nan bayan ƙungiyarsu ta Zombies ta watse sai da ya koma aikin ofis a kamfanin inshora, sannan ya dawo ya yi faifan da a wasu waƙoƙin babu ganga sam, daga muryarshi mai kamar raɗa sai biyolon. An sake fitar da shi a 2021 don cika shekara 50. Shi dai nashi labarin da sauƙi, shi ya sa ba zan daɗe kanshi ba.

Na Big Star ne ya hana ni barci. Alex Chilton ba baƙo ba ne a harkar: yana ɗan shekara 16 ya rera "The Letter" tare da Box Tops, ta hau lamba ɗaya a Amurka a 1967. Chris Bell shi ne mai kunnen situdiyo, wanda zai kwana yana jera murya kan murya. Andy Hummel yana gitar bas, Jody Stephens yana ganga. Suna da situdiyon Ardent na John Fry a hannu, suna shiga da dare su yi abin da suke so. Ƴan jarida sun yabi faifan ƙwarai. To me ya faru? Ƙaramin kamfanin Ardent ya dogara ne ga Stax wajen rarraba kaya. Stax kuwa gidan kiɗan soul ne, gidan su Otis Redding da Isaac Hayes, ya san kantunan da tashoshin rediyon da ke cin irin nashi kaya, amma hanyar kai faifan rock na samarin fararen fata kantunan da ake nemanshi ba tashi ba ce. Yaro zai karanta yabo a mujalla, ya je kanti da kuɗinshi, a ce ba a taɓa kawowa ba. Bell ya bar ƙungiyar kafin shekara ta ƙare. Sauran uku suka yi Radio City, ya fito farkon 1974, a daidai lokacin da Stax ya miƙa rarrabawarshi ga Columbia kuma dangantakarsu ta yi tsami. Faɗan manya ya ci shi. A ƙarshen 1975 Stax kanshi ya karye.

Duk wanda ya taso a Maradi ya san wannan ba sai an koya mishi a aji ba: kaya ko sun kai zinariya kyau, in babu motar da za ta kai su kasuwa ranar kasuwa, na mai su ne. Abin da ya ba ni haushi shi ne yadda ake ba da labarin yanzu, wai mutanen 1972 ba su da kunne, wai ƙungiyar ta riga zamaninta. Ban yarda ba. Ka saurari "September Gurls", ko minti uku ba ta cika ba, gitar tana kaɗawa kamar ƙararrawa, ka gaya mini wane zamani ne wannan ta riga. Ingilishina na lise ne, rabin kalmomin nake kamawa, amma "Thirteen", inda yaro ke neman bakin da zai yi wa yarinya magana, gita biyu kawai ba ganga, ba ta bukaci ƙamus ba. Mutanen 1972 ba a ba su damar ƙi ba ma.

To ta yaya faifan da ya mutu yake tashi? Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa, don ba sihiri ba ne, aikin ajiya ne da takardu. A wancan zamani kowane kayan kiɗa da layinshi a kan wani faffaɗan zaren kaset, daga baya a tace su a haɗa a kan wani zaren mai layi biyu. Wannan na biyun shi ne uwa, daga gare shi ake yanka faifan roba. Idan uwar tana nan, bayan shekara 20 ko 40 injiniya zai iya ɗauko ta ya sake juyo sautin, har ya fito da abin da faifan roba ya danne. Wasu zarurrukan, musamman na tsakiyar shekarun 1970 zuwa gaba, suna shan laima su yi danƙo, sai an gasa su a tanda mai zafin digiri 50 da ɗoriya na awoyi kafin a iya juya su. Na ce a raina, da sun aiko su Tawa a watan Afrilu sun huta da sayen tanda. Idan kuwa uwar ta ɓata ko ta ƙone, kamar tarin da gobarar ma'ajiyar Universal ta cinye a Kalifoniya a 2008, sai dai a kwafa daga kwafi.

Bayan ajiya sai tambayar wa ke da shi. Da Stax ya karye, kamfanin Fantasy na Kalifoniya ya sayi kayanshi a 1977, faifan Big Star biyu na farko suka bi gwanjo kamar kujerun ofis. A 1978 aka haɗa su biyun aka fitar a Ingila, kuma daga irin waɗannan kwafi ne abin ya fara yaɗuwa hannu da hannu tsakanin matasan makaɗa. R.E.M. suna ambatonsu, Bangles suka sake rera "September Gurls" a 1986, Replacements suka yi waƙa sukutum mai suna "Alex Chilton" a 1987. Shi kuwa mai sunan, a farkon shekarun 1980 wanke kwanuka yake a gidan abinci a New Orleans. Sai 1992, lokacin da CD ya sa kamfanoni suka gano za su iya sake sayar da tsohon kaya da sabon farashi: Fantasy ya zuba faifan biyu a CD ɗaya, Rykodisc ya fitar da na uku. Kada mu yaudari kanmu, ba tausayi ya buɗe ma'ajiyar ba. Tsohon zare ba ya neman kuɗin situdiyo, ba ya neman abinci, ba ya gardama.

Wani abokina da ke karatun tarihi ya taɓa tare ni da cewa, "Malam, kana ta haƙa a Memfis, ka manta da na gida." Ya kawo mini Mamman Sani, wanda ya naɗi kiɗan organ ɗinshi a 1978, kiɗan da iyayenmu suka sha ji a rediyo da talabijin tsakanin shiri da shiri, kuma sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi duniya ta ji. Gaskiyarshi, hanyar ɗaya ce: wani ya ajiye kaset, wani daga nesa ya zo ya ji. Na karɓa na gode, na kuma tura mishi Radio City, har yau bai ce mini komai ba.

Faifan Big Star na uku shi ne ya sa na fara kallon sake fitarwa da ido biyu. An naɗe shi a Ardent a ƙarshen 1974, Jim Dickinson yana jagora, saura Chilton da Stephens kawai a ƙungiyar, kuma Chilton yana cikin wani hali na shaye-shaye da ɓacin rai. Waƙoƙin wasu kamar za su wargaje a hannunka, wasu kuma an lulluɓe su da biyolon masu kyau har ka rasa inda za ka sa kanka, nan ne ma power pop ɗinsu ya gangara ya haɗu da baroque. An buga ƴan kwafi na gwaji aka zagaya da su kamfanoni, babu wanda ya karɓa. Ba a sa mishi suna ba, ba a tsayar da jerin waƙoƙin ba. Da ya fito a 1978, bugun Amurka daban, na Ingila daban. Wasu na ce mishi Third, wasu Sister Lovers, don Chilton da Stephens a lokacin ƴan mata biyu ƴan gida ɗaya suke nema. Na Rykodisc na 1992 ya zo da nashi jerin, da shawarar Dickinson. A 2016 Omnivore ya fitar da Complete Third, CD uku, waƙa kusan 70, har da gwaje-gwajen da Chilton ya yi shi kaɗai da gita.

Wanne ne faifan ke nan? Na saurari jeri biyu daban a mako ɗaya, na ji kamar mutum biyu ne suka ba ni labarin rasuwa ɗaya: wanda ya fara da waƙa mai tsalle ya sa na ji kamar biki ne ya lalace, wanda ya fara da mai sanyi ya sa na ji tun farko ba a yi niyyar biki ba. Wanda ya jera shi ne ya rubuta labarin, kuma ba Chilton ba ne. Shi kuwa Complete Third, na kai ƙarshenshi sau ɗaya ban sake ba. Ɗaukar farko, ɗaukar biyu, tacewar wane, tacewar wane. Kamar a ce kana son tuwon wata tsohuwa sai a kawo maka tsakin da dusar da ruwan wankin tukunyar a ce duka nata ne. Masu bincike za su gode, ban hana su ba. Amma akwai abin da mutum ya bari a ƙasan situdiyo don ya ga bai kai ba, kuma mutuwarshi ba ta mai da shi ya kai ba. Chilton ya rasu a watan Maris na 2010, Hummel ya bi shi bayan wata huɗu.

Sai dai ba zan iya tsayawa kan wannan ra'ayi da ƙafa biyu ba, saboda Chris Bell. Bayan ya bar ƙungiyar ya yi ta naɗar waƙoƙi, har Faransa da Landan ya je, ya nemi kamfani bai samu ba, ya koma yana aiki a gidan abincin danginsu. Abin da ya fita da sunanshi yana raye ƙaramin faifai ne mai waƙa biyu, a 1978. A watan Disamba na shekarar motarshi ta daki turken lantarki ya rasu, yana da shekara 27. Yayanshi David ne ya riƙe zarurrukan, sai 1992 Rykodisc ya tattara su ya fitar da I Am the Cosmos. Wannan ma ai kwashe-kwashen ƙasan situdiyo ne, ba Bell ya jera ba, ba shi ya ce a fitar ba. Kuma da ba a yi ba, da babu shi gaba ɗaya. "You and Your Sister", inda Chilton ya dawo ya yi mishi amshi, tana cikin waƙoƙi biyar da zan ɗauka in an ce in zaɓa. Don haka abin da na tsaya a kai ƙarami ne: a buɗe ma'ajiya in abin da ke ciki bai taɓa samun fita ba, a bar ta in ana son a sayar mini da abu ɗaya karo na huɗu ne.

Na Badfinger kuwa ba na iya saurarenshi da zuciya sake. Su ba su rasa kasuwa ba. Kamfanin Beatles, Apple, shi ya ɗauke su, Paul McCartney ya rubuta musu "Come and Get It", George Harrison da Todd Rundgren suka yi aikin Straight Up. Pete Ham da Tom Evans su suka rubuta "Without You", wadda Harry Nilsson ya kai lamba ɗaya, Mariah Carey ta sake ɗaga ta a 1994, wadda na tabbata ka taɓa ji ko a salon ɗin aski ko a cikin taksi ba ka san ta su ba ce. Kuɗin sun shigo, sun bi ta hannun manajansu na Amurka, Stan Polley, ba su iso ba. Da suka koma Warner, kuɗin ajiya suka yi ɓatan dabo, kamfanin ya janye faifansu Wish You Were Here daga kasuwa makonni kaɗan bayan fitowarshi a 1974. A watan Afrilu na 1975 Ham ya kashe kanshi, saura kwana uku ya cika 28, budurwarshi tana da tsohon ciki. Evans ya bi wannan hanya a 1983. Su kuma faifansu na Apple suka maƙale cikin shari'un da suka dabaibaye kamfanin, ba a sake buga su ba sai farkon shekarun 1990: No Dice a 1992, Straight Up a 1993, sannan aka sake wanke su a 2010. Ƴan takardun da ake sakawa cikin irin waɗannan bugu, waɗanda nake karantawa a intanet tunda ban taɓa riƙe ko ɗaya a hannu ba, kullum sai sun jero wannan baƙin labari, kuma na lura labarin ya zama wani ɓangare na abin da ake sayarwa. Akwai ranar da na tambayi kaina ko da Ham ya tsufa ya yi tumbi yana zagaya otal-otal yana rera tsoffin waƙoƙinshi zan so "Day After Day" haka. Ina jin zan so ta. Gitar nan mai zamewa da shi da Harrison suka kaɗa tare ba ta san abin da zai faru bayan shekara huɗu ba.

Mutum ɗaya cikinsu ya ga abin da idonshi, kuma shi na fi yawan komawa gare shi. Emitt Rhodes yana ɗan shekara 20, a wani ɗaki bayan gidan iyayenshi a Hawthorne ta Kalifoniya, ya naɗi faifai shi kaɗai a kan na'ura mai layi huɗu: shi ne ganga, shi ne piyano, shi ne gita, shi ne duk muryoyin. Ya fito a 1970, ya kai lamba 29 a Amurka, mutane suna cewa kamar McCartney. Matsalar takardar da ya sa wa hannu da kamfanin Dunhill ce: faifai ɗaya duk wata shida. Mutumin da ke kaɗa komai da hannunshi, ɗaya bayan ɗaya, ina zai iya? Ya makara, kamfanin ya kai shi kotu yana neman dala 250,000, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba, ya kuma riƙe mishi kuɗinshi. Ya yi Mirror a 1971, ya yi Farewell to Paradise a 1973, ya rufe bakinshi yana da shekara 23. Ya ci gaba da aikin injiniya yana naɗar wasu.

A 2001 aka sa "Lullabye" ɗinshi a fim ɗin The Royal Tenenbaums. A 2009 Hip-O Select ya tattara faifanshi na wancan zamani a CD biyu, wani ɗan Italiya kuma ya yi fim a kanshi mai suna The One Man Beatles. Yaran da suka taso da jin waɗannan bugu, waɗanda yanzu su ma makaɗa ne, su suka kewaye shi suka shigar da shi situdiyo, a 2016 Omnivore ya fitar da Rainbow Ends, shekara 43 bayan na ƙarshe. Wannan karon wasu ne suka kaɗa mishi gangar da gitar. Muryar ta yi ƙasa, ta yi kauri, waƙoƙin na mutumin da aure ya mutu mishi ne kuma ya daɗe zaune shi kaɗai. Nakan sa "Fresh as a Daisy" ta 1970 in bi ta da "Dog on a Chain" ta 2016, a kunne ɗaya, in ji yaro ɗan 20 da dattijo ɗan 66 suna juya amshi ta hanya iri ɗaya. Ya rasu a watan Yuli na 2020, a Hawthorne ɗin dai.